Labarin DeFord Bailey, Mai Busan Da Aka Ji Shi Ba A Gan Shi Ba

A ƙasar Amurka akwai wani birni da ake kira Nashville, shi ne babban birnin jihar Tennessee. Tun daga shekarar 1925 har wa yau, kowace Asabar da dare akan watsa wani wasa na kiɗa da waƙa daga wani gidan rediyo na birnin. Sunan wasan Grand Ole Opry, kuma ba wani shirin rediyo a Amurka duka da ya kai shi daɗewa. Irin kiɗan da ake yi a cikinsa shi ne wanda Amurkawa ke kira kantiri, watau kiɗan mutanen ƙauye, na manoma da makiyaya da ma'aikatan hanyar jirgi. Yawancin mutane sun ɗauka kiɗan fararen fata ne kurum. Amma mutumin da aka fara kira ya yi wasa a daren da aka raɗa wa shirin nan suna baƙar fata ne, jikan bayi, ɗan guntun mutum mai doro, sunansa DeFord Bailey.

Labarinsa za mu ba masu karatu a yau, gama akwai abin lura a ciki, musamman ga waɗanda aikinsu ya haɗa su da alƙalami da takarda.

ASALINSA

An haifi DeFord Bailey ran 14 ga watan Disamba, 1899, a karkarar Bellwood, cikin gundumar Smith ta jihar Tennessee. A sa'an nan shekara 34 ke nan da hana bauta a Amurka, watau tsofaffin gidansu duk sun ga bauta da idonsu. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara ɗaya, sai gwaggonsa da mijinta suka ɗauke shi suka riƙe kamar ɗan cikinsu. Talakawa ne, manoma a gonakin waɗansu, ba su da ƙasar kansu.

Abin da gidan ke da shi shi ne kiɗa. Kakansa gwanin goge ne, irin gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, har yakan ci gasa a yankinsu. Waɗansu a gidan suna kaɗa banjo, wanda shi kansa asalinsa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, danginsu molo da gurmi, bayi suka sāke ƙera shi a can hayin teku. In an taso daga gona, ko ran biki, sai a taru a yi ta kiɗan rawa. A ƙauyukan nan baƙi da farare kusan kiɗa iri ɗaya suke yi, wannan ya ara daga wancan, wancan ya ara daga wannan, ba wanda ya tsaya tambayar mai shi.

Yana da shekara 3 cutar shan inna ta kama shi. Ya yi wajen shekara guda a kwance, ba abin da yake iya motsawa sai kansa da hannuwansa. Ya tashi, amma cutar ta bar masa tabo: bayansa ya tanƙware, girmansa ya tsaya. Ko da ya zama magidanci tsayinsa bai wuce ƙafa 4 da inci 10 ba, nauyinsa kuwa bai cika laba 100 ba.

YADDA YA KOYI BUSA

A cikin kwanciyar nan aka miƙa masa wani ɗan abin busa don ya ɗebe kewa, wanda ake kira hamonika. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, abu ne na katako da ƙarfe, tsawonsa kamar inci 4, yana da ƙofofi 10 a jere. A cikin kowace ƙofa akwai 'yan harsuna biyu na tagulla. In ka hura sai ɗaya ya yi kuka, in ka zuƙa sai ɗayan ya yi. Wani kamfani na Jamus mai suna Hohner shi ya cika kasuwannin Amurka da shi, yana da araha, yana shiga aljihu, saboda haka ya zama abin kiɗan talaka.

Yaro yana kwance, ba ya iya fita, sai kunnensa ya zama ƙafarsa. Yana jin kukan kaji, da haushin karnukan farauta in sun biyo yanyawa, da kukan shanu, da iska a cikin itatuwa. Kowanne ya ji, sai ya yi ta fama har ya fitar da shi daga cikin hamonika. Da iyalin suka ƙaura zuwa waɗansu ƙauyuka na kusa da Nashville, inda hanyar jirgin ƙasa ta ratsa, sai ya sami babban malaminsa, watau jirgi. A kan hanyarsa ta zuwa makaranta yakan shiga ƙarƙashin gadar jirgi ya jira, ya kasa kunne ga yadda inji ke tasowa a hankali, da yadda ƙafafun ƙarfe ke dukan mahaɗar dogo, da yadda usur ke canja murya in jirgi ya wuce ya yi nisa. Shekara da shekaru yana gyara busan nan, har ya kai in ya busa ma'aikatan jirgi kan gane ko wane jirgi yake kwaikwayo.

Gwanintarsa ita ce yakan fitar da abu biyu a lokaci guda. Da gefen bakinsa yana bin karin waƙa, da harshensa kuma yana buɗe sauran ƙofofi yana rufewa, yana ba da amon da ke riƙe da rawa. Wanda ya ji daga nesa sai ya rantse mutum biyu ne. Bai yi nisa a makaranta ba, bai kuma taɓa koyon karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Duk abin da ya sani da kunne ya ɗauka.

ZUWANSA BIRNI

Cikin 1918 ya koma Nashville da zama. Da yake ba shi da ƙarfin aikin gona ko dako, sai ya yi ta ƙananan ayyuka: boyi a gidajen masu kuɗi, aike a kantin magani, wanke motoci, goge takalma, da jan lif, watau ɗan ɗakin nan da ke hawa da mutane saman dogon bene. Ko'ina ya je hamonikarsa tana aljihu.

A daidai wannan lokaci wayar iska ta fara bazuwa a Amurka. Tun 1920 aka soma watsa shirye-shirye a kai a kai, kafin shekara biyar tashoshi sun yi yawa, har masu kantuna kan buɗe 'yar tashar kansu don tallan haja. Cikin watan Satumba, 1925, wani kantin sayar da kayan mota da na rediyo a Nashville ya buɗe ƙaramar tasha mai suna WDAD. DeFord yakan je kantin sayen kayan kekensa, aka ji busansa, aka sa shi a iska. Nan ne farkon shigarsa rediyo.

Wata guda bayan haka, ran 5 ga Oktoba, 1925, wani babban kamfanin inshora mai suna National Life and Accident ya buɗe tasa tashar, WSM. Haruffan nan uku farkon kalmomin taken kamfanin ne, wanda ma'anarsa ita ce suna ba miliyoyin mutane kariya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne tushen al'amarin duka: ba don son kiɗa aka gina tashar ba, don ciniki aka gina ta. Wakilan kamfanin suna bi gida gida suna karɓar 'yan kuɗin inshora kowane mako daga hannun talakawa, farare da baƙi. In wakili ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce daga kamfanin masu rediyon nan yake, sai a buɗe masa da fara'a.

Kamfanin ya ɗauko wani tsohon ɗan jarida mai suna George D. Hay, wanda ya riga ya yi suna a rediyon Chicago, aka ba shi shugabancin shirye-shirye. Shekararsa 30 kurum, amma ya laƙaba wa kansa sunan tsohon alƙali, yana kuma buɗe wasa da busa wani usur na katako irin na jirgin ruwa. Ran 28 ga Nuwamba, 1925, ya sa wani tsoho mai goge, Uncle Jimmy Thompson, ɗan shekara 77, ya yi kiɗa a iska. Wasiƙu da wayoyi suka yi ta zuwa daga ƙauyuka. Daga nan wasan Asabar ya kafu.

A cikin makaɗan farko akwai wani likitan ƙauye, farar fata, Dokta Humphrey Bate, shi ma mai busa hamonika ne. Shi ya ji DeFord, ya kama hannunsa ya kai shi WSM, ya tsaya masa har aka bar shi ya busa. Cikin watan Yuni, 1926, sunansa ya fito a jerin masu wasa, Hay kuma ya yi masa kirari da mayen hamonika.

DAREN RAƊIN SUNA

A farko sunan wasan rawar rumbu kurum, don a ƙauyukan Amurka a manyan rumbunan gona akan yi rawa. Cikin watan Disamba, 1927, aka sāke masa suna, ga kuwa yadda Hay ya ba da labarin. Kafin lokacin wasan, tashar takan karɓo wani shiri daga birnin Niyok, inda wani shahararren malamin kiɗa, Walter Damrosch, ke koya wa jama'a manyan kiɗe-kiɗen Turai, irin waɗanda ake kira opera, na fādawa da masu ilmi. Da shirin ya ƙare, sai Hay ya gaya wa masu sauraro cewa sun sha kiɗan manya, yanzu kuma za a sauko ƙasa a ji na talakawa. Ya kira DeFord ya busa Pan American Blues, watau kwaikwayon wani jirgin ƙasa mai sauri na kamfanin Louisville and Nashville, wanda ke tasowa daga Cincinnati ya ratsa Nashville ya nufi New Orleans. Da ya gama, Hay ya karkata kalmar opera yadda bakin baƙauye zai faɗe ta, ya ce Grand Ole Opry. Sunan da aka yi da ba'a shi ya zauna.

Cikin 1928 an yi wasan sau 52, DeFord ya fito a 49. Ba wani makaɗi da ya kusance shi. Cikin 1932 aka ƙara wa tashar ƙarfi ya kai wat 50,000, aka kafa mata dogon ƙarfe mai tsayin ƙafa 878, har ana kama ta da dare a yawancin jihohin Amurka da wani sashe na Kanada. A ƙauyen da ba lantarki, gidan da ke da akwatin rediyo mai batir nan maƙwabta ke taruwa ran Asabar, su zauna har tsakar dare.

To, a nan abin mamakin yake. A wancan zamani jihohin kudancin Amurka suna da dokokin wariya. Baƙar fata ba ya shiga makarantar farare, ba ya cin abinci a ɗakin cin abincinsu, ba ya kwana a masaukinsu, in ma zai shiga gidan farar fata sai ta ƙofar baya. Amma akwatin rediyo ba shi da ido. Busan DeFord yana shiga tsakiyar ɗakunan da shi kansa bai isa ya taka ba, ana yi masa tafi, ana rubuto wasiƙa a ce a sāke. Da yawa daga cikin masu sauraro ba su san launin fatarsa ba. Yaran baƙaƙen fata kuma suna ji suna koyo. Sonny Terry, makahon nan da ya shahara daga baya wajen busa kiɗan bulus, watau kiɗan baƙin ciki na baƙaƙen Amurka, yana cikin waɗanda suka tashi da jin DeFord a rediyo.

FAYA-FAYAN GARMAHO

Cikin 1927 ya tafi Niyok, kamfanin Brunswick ya ɗauki busansa guda 8 a faifai. Cikin 1928 kamfanin Victor ya kawo na'urorinsa Nashville, wannan kuwa shi ne karo na farko da wani kamfanin faifai ya ɗauki kiɗa a birnin da daga baya ya zama cibiyar sana'ar. DeFord ya busa musu 8 cikin zama ɗaya, aka fitar da 3. Daga nan bai sāke yi wa wani kamfani faifai ba har ya mutu. Duk abin da ya rage mana na ƙuruciyarsa bai wuce busa 11 ba, a cikinsu akwai Pan American Blues, da Fox Chase, inda ake jin karnuka da ihun mafarauta, da John Henry, da Evening Prayer Blues.

Kamfanonin faifai a lokacin sun raba kasuwa biyu, jeri ɗaya na baƙi, jeri ɗaya na fararen ƙauye, don a san wa za a sayar wa me. Busan DeFord ya ƙi zama a rumfa ɗaya, gama akwai bulus a ciki, akwai kiɗan rawa na goge, akwai waƙoƙin coci. Shi da kansa yakan ce kiɗan gidansu kiɗan ƙauye ne na baƙar fata. Abin da ya biyo baya ya gaskata cewa katangar nan ta 'yan kasuwa ce. Faifan farko na Elvis Presley, wanda ya fito cikin 1954 ya buɗe ƙofar sabon kiɗan da ake kira rok, gefe ɗaya waƙar wani baƙin mawaƙin bulus ce, Arthur Crudup, ɗaya gefen kuma waƙar Bill Monroe ce, farar fata na Opry.

A KAN HANYA

Ladan wasan rediyo kaɗan ne ƙwarai. Abin da makaɗa ke ci shi ne yawon wasa: a cika mota ran Litinin, a bi makarantu da tantuna da ɗakunan taro na ƙananan garuruwa, a komo Nashville kafin Asabar. Da yake sunan DeFord na jawo jama'a, akan haɗa shi da sababbin mawaƙa don su sami masu kallo. Roy Acuff, wanda ya shigo Opry cikin 1938, da Bill Monroe, wanda ya shigo cikin 1939, duk sun yi yawo da shi. Su biyun nan daga baya sun zama sarakunan sana'ar.

A kan hanya ne ake tuna masa da abin da rediyo ya ɓoye. Zai hau dandamali, da kwat da hula da takalmi yana ƙyalli, gama mutum ne mai tsabta ainun, ba ya shan giya ba ya shan taba. Wani lokaci sai an sa masa akwati ya taka kafin ya kai ga bututun magana. Fararen fata su yi ta tafi. In an tashi, abokan tafiya su shiga ɗakin cin abinci, shi kuwa a miƙo masa nasa a mota ko a bayan kicin. Su shiga masauki, shi ya tafi neman gidan wani baƙar fata da zai sauke shi, in bai samu ba ya kwana cikin mota. Wani dattijo mai banjo, Uncle Dave Macon, yakan yi dabara ya ce wa masu masauki DeFord baransa ne, ba ya kwana sai da shi a ɗaki. Sai a yarda. Ku duba wannan: a matsayin bara an yarda ya kwana, a matsayin gwanin da ya tara jama'ar gari ba a yarda ba.

Ya yi aure cikin 1929, ya sami 'ya'ya uku. Shekara 15 yana wannan aiki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

RIGIMAR DA TA CI SHI

A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna ASCAP, wadda aka kafa cikin 1914, aikinta karɓar kuɗi daga duk mai amfani da waƙar da aka yi wa rajista a wurinta, ta raba wa mawallafa. Gidajen rediyo suna biyanta kowace shekara. Da ta nemi ƙarin kuɗi mai yawa, sai masu gidajen rediyo suka kafa tasu ƙungiyar cikin 1939, mai suna BMI. Daga ran 1 ga Janairu, 1941, suka hana a sa kowace waƙa ta ASCAP a iska. An yi wata 10 ana wannan ja-in-ja kafin a shirya.

Ba ruwan DeFord da wannan faɗa, amma shi ya sha dūka. Da yawa daga cikin busan da aka san shi da su suna ƙarƙashin rajistar ASCAP, saboda haka aka wayi gari ba shi da ikon busa abin da ya ɗauko da kunnensa a ƙarƙashin gadar jirgi. Ga shi kuma wasan ya canja. Tun 1939 aka fara watsa wani sashe nasa a waɗansu manyan tashoshin ƙasar, masu talla suna son mawaƙa masu murya da cikakkiyar ƙungiya, ba mutum ɗaya da ɗan abin busa ba. Lokacin da ake ba shi ya yi ta raguwa. Cikin 1941 aka sallame shi, yana da shekara 41. Da aka shirya rigimar, waƙoƙin ASCAP suka komo iska, amma ba wanda ya aika a kira shi.

ABIN DA AKA RUBUTA

Cikin 1945 George Hay ya buga wani ɗan littafi na tarihin Opry. A ciki ya ba da dalilin sallamar. Ya kwatanta DeFord da ɗan abin wasa da ƙungiya ke riƙewa don sa'a, ya ce malalaci ne, ya jingina lalacin ga launin fatarsa, ya ce busa kamar goma sha biyu ya sani ya ƙi koyon waɗansu, ko da yake an ba shi wa'adi. 'Yan layuka ne kaɗan. Amma da yake Hay shi ne uban wasan, littafinsa kuma shi ne na farko, sai marubutan da suka biyo baya suka yi ta kwafa. Shekara kusan 30 abin da duniya ta sani game da DeFord Bailey ke nan.

Shi DeFord ba shi da littafi, ba shi da jarida. Sai can da tsufa ya sami mai sauraronsa, ya faɗi nasa. Ya ce shekara da shekaru in ya kawo sabon busa akan tsai da shi, a ce ya yi waɗanda jama'a suka saba ji. Waɗanda suka zauna da shi kuma sun shaida ya san busa masu yawan gaske, yana kaɗa banjo da jita da hannun hagu, yana waƙa. Mu dai ba mu ga yadda za a kira mutum malalaci ba alhali takardu sun nuna ya zo aiki Asabar 49 cikin 52, ya fi kowa.

GUNTUN GATARINKA

Da aka sallame shi bai bi ƙofofi yana roƙo ba. Dā ma yana da ɗan wurin goge takalma, sai ya mai da shi sana'a sosai, a wata unguwa ta kudancin Nashville. Ya sa kujeru, ya ɗauki yara aiki, yana kuma ba da hayar ɗakuna a gidansa. A shagon nan fari da baƙi kujera ɗaya suke hawa, kowa ya jira layinsa, tun dokokin wariya suna da ƙarfinsu, gama sai cikin 1964 aka soke su. Da wannan sana'a ya ciyar da iyalinsa wajen shekara 30. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Bai bar busa ba, kullum yana yi don kansa da abokan cinikinsa. Amma ya daina yi wa kowa a banza. Cikin shekarun 1960, da samarin jami'o'i suka tashi neman tsofaffin makaɗan bulus, an zo masa da tayin faifai da na manyan bukukuwa. Yawanci ya ƙi. Waɗansu suka ce taurin kai ne. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da hukuma ta rushe unguwar don sāke gini, shagon ya tafi, ya koma wani benen gwamnati na tsofaffi. A nan cikin 1973 wani saurayi mai karatun tarihi, David Morton, wanda ke aiki da hukumar gidaje, ya gamu da shi. Suka shaƙu. Morton ya yi ta zuwa yana tambaya yana rubutawa, yana ɗaukar busansa a na'ura. Shi ya lallashe shi ya koma Opry cikin watan Fabrairu, 1974, a wani dare da aka keɓe don tsofaffin makaɗa, ana gab da barin tsohon ɗakin wasa na Ryman. Dattijo ɗan shekara 74 ya hau, ya busa jirginsa, kuma jirgin bai yi latti ba. Bayan wannan ya sāke fitowa 'yan lokatai kaɗan, na ƙarshe cikin 1982.

Ya rasu ran 2 ga watan Yuli, 1982, a Nashville, yana da shekara 82. Aka binne shi a maƙabartar Greenwood.

BAYAN RASUWARSA

Masu kiɗan kantiri suna da wani zaure na girmamawa, wanda aka fara cikin 1961, inda ake rataye sunayen manyan sana'ar. George Hay ya shiga cikin 1966. Na DeFord kuwa sai da aka yi ta gardama. Littafin da Morton ya rubuta tare da wani malamin jami'a, Charles K. Wolfe, ya fito cikin 1991, ya jera ranaku da takardu da shaidar waɗanda suka san shi. Daga nan maganar lalaci ta fara faɗuwa. Cikin 2005, shekara 23 bayan mutuwarsa, aka sa sunansa a zauren. Kafin shi baƙar fata ɗaya ne kaɗai ya shiga, Charley Pride, cikin 2000. Cikin 2023 birnin Nashville ya sa wa wani titi na unguwar da ya zauna sunansa.

Ba mu ba da labarin nan don mu ce George Hay mugun mutum ne ba. Shi ya buɗe wa DeFord ƙofa a zamanin da ƙofofi ke rufe, shi ya yi masa kirari, shi ya kai sunansa gidaje dubbai. Amma da ranar rabuwa ta zo, ya zama dole a faɗi dalili, sai ya ɗauki dalilin da ya fi sauƙi, wanda ya san mutanen zamaninsa za su karɓa ba tambaya, ya rubuta. Rigimar kuɗi ce tsakanin manyan kamfanoni, amma a takarda sai ta zama halin wani talaka.

Duk wanda ke riƙe da fayil a ofis, ko rajistar makaranta, ko yake rubuta rahoton wani na ƙasa da shi, yana riƙe da irin alƙalamin nan. Kalma ɗaya da aka rubuta cikin gaggawa, don a rufe magana a tashi, tana iya bin mutum har kabari, gama wanda aka rubuta a kansa sau da yawa ba ya ganin takardar, balle ya amsa. Abin da ya wanke DeFord Bailey shi ma takarda ce: jerin ranakun aiki da wani ya rubuta daidai, da wani saurayi da ya zauna ya tambayi mai abin. Sai dai wankin ya zo bayan mai rigar ya tafi.

Faya-fayansa 11 suna nan, an sāke buga su. Wanda ya sami dama ya saurari Pan American Blues, zai ji jirgi ya taso, ya yi usur, ya wuce, duk daga ƙirjin wani ɗan guntun mutum da shan inna ta tanƙwara.